Rabi'u Ali Pele: Ko Ya Cancanci Shiga Zauren Gwanaye?

Da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, wata hidima ta kai mu Mainika ta ƙasar Gwarzo. Bayan sallar la'asar muka zauna gindin darbejiya a bakin makarantar firamare tare da malamai, yara kuwa suna can fili suna buga tamaula, ƙura ta tashi sai ka ce ana sussuka. Cikin waɗanda mu ke zaune da su har da wani dattijon malamin makaranta wanda ya yi shekaru yana koyarwa a wajen Garo ta ƙasar Kabo, da wani saurayi malamin ofis da ke aiki a Gwarzo. Hira ta yi hira, sai wani yaro ya buga ƙwallo daga nesa ta faɗa tsakanin duwatsun da su ka aza a maimakon raga, 'yan'uwansa su ka ɗauki sowa suna kiransa Pele. Muka tambaya, wane Pelen? Aka ce ai Pelen Kano, watau Rabi'u Ali na ƙungiyar Kano Pillars.

Daga nan gardama ta sarƙe. Malamin ofis ya ce in da Kano tana da wani ɗaki inda a ke ajiye sunayen gwanayen wasa, kamar yadda ya ji a ke yi a Amurka, to Rabi'u Ali ne ya kamata a fara rubutawa. Dattijon malami kuwa ya girgiza kai, ya ce shi bai yarda ba, gama mutumin da ya taɓa tasam ma alƙalin wasa a gaban dubban jama'a bai kamata a kafa shi ya zama abin koyi ga yaran da a ke wahalar koya musu ladabi ba. Har aka kira magariba ba su daidaita ba. Mu kuwa muka taso da maganar a zuci, muka ga ya kamata mu shimfiɗa ta a nan, domin ba ta tsaya ga mutum ɗaya ko wasa ɗaya ba. Tambaya ce game da irin mutumin da al'umma za ta ɗaga ta nuna wa 'ya'yanta, da kuma ma'aunin da za ta auna shi da shi.

YADDA AMURKAWA KE YI

Bari mu fara da abin da malamin ofis ya ji labari. Amurkawa suna da wani wasa da su ke kira besbol. Mutum tara-tara ke yinsa. Ɗaya ya jefo 'yar ƙwallo mai tauri da iyakar ƙarfinsa, abokin gaba kuwa ya tare ta da kulki ya maka, sa'an nan ya sheƙa da gudu ya kewaya tashoshi huɗu ya komo gida. Wanda ya maka ƙwallo ta ƙetare shingen fili, ya kewayo ke nan ba mai hana shi. Masu ƙarfin dantsen da su ka saba yin haka su ne 'yan lelen 'yan kallo, kamar yadda mai cin ƙwallo ya ke a wurinmu.

A wani ƙaramin gari da a ke kira Cooperstown, cikin jihar New York, su ka gina wa gwanayen wannan wasa zaure. An zaɓi mutum biyar na farko cikin 1936, ciki har da Babe Ruth da Ty Cobb, aka buɗe ginin cikin 1939. Duk wanda aka zaɓa sai a zuba siffar fuskarsa a allon tagulla, a rubuta taƙaitaccen tarihinsa, a kafa a bango. Shiga wurin nan kuwa ba wasa ba ne, don cikin mutum ɗari da su ka yi wasa a babbar gasarsu, da ƙyar a ke samun ɗaya ko biyu da ke shiga.

Ga sharuɗɗan. Sai mutum ya yi shekara 10 yana wasa a babbar gasa. Sai ya shekara 5 da barin wasa kafin a sa sunansa cikin takardar zaɓe. Marubutan labarin wasanni waɗanda su ka daɗe a kan aikin su ne ke jefa ƙuri'a, kuma sai ya sami kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un. In ya shekara 10 a takarda bai samu ba, sai a cire shi, sauran begensa wani ƙaramin kwamiti na mutum 16, inda a ke bukatar ƙuri'a 12. Har wa yau an umurci masu zaɓe su duba abin da mutum ya ci a fili, da gwanintarsa, da gaskiyarsa, da halinsa, da amfanin da ya yi wa ƙungiyarsa. To, kun ga ashe gardamar Mainika tsohuwa ce a can: malamin ofis ya riƙe lissafi, dattijon malami ya riƙe hali, dokar kuwa ta ce a duba duka biyu.

NAMU ZAUREN NA DA

Kada wani ya zaci Hausawa ba su san tunawa da gwani ba sai da su ka ji daga Turawa. Namu zauren a bakin makaɗa ya ke. Mutane da yawa da ba su taɓa ganin Shago a fagen dambe ba sun san shi, sun san Ɗandunawa, saboda waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan Anace. Kirari da take su ne allon tagullarmu. Amma makaɗi mutum ne, wanda ya gani ya ke wa waƙa, wanda ya ba shi ya ke yabo, in kuwa ya kau sai abin da faifai ya riƙe. Gwani nawa ne su ka yi zamani a fagagen kaka na ƙasar Gwarzo da Kabo da Ƙaraye, su ka kā da maza, yau ko jikokinsu ba su san kirarinsu ba?

'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗan fi mu dabara a nan. Tun 1975 su ke yin gasar kokawa ta ƙasa wadda a ke ba zakaranta takobi, an fara ta a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci ta farko. Filin kokawa na Maraɗi sunan Kantu aka sa masa, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuwa sunan Langa-Langa. Yaro in ya shiga fili ya tambayi mai sunan, sai a ba shi labari. A kudancin Nijeriya ma akwai filin Teslim Balogun a Ikko, da na Dan Anyiam a Owerri, da na Stephen Keshi a Asaba, dukansu 'yan ƙwallo ne. Mu kuwa a nan manyan filayenmu sunayen shugabanni su ke ɗauke da su, na Kaduna Ahmadu Bello, na Ƙofar Mata a Kano Sani Abacha. Ba mu ce wannan laifi ne ba, amma ɗan wasan da ya zubar da gumi a cikin filin, ina nasa wurin?

Ku duba wannan. Cikin 1953, zamanin En'e na kan ganiyarta, ƙungiyar Kano ta je ta ci Kofin Gwamna, ta doke Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1. Cikin 1978 kuma Raccah Rovers ta Kano ta zama zakarar gasar ƙasa. To, cikin masu karanta wannan shafi, mutum nawa ne za su iya lasafta mana sunan ko da mutum uku daga cikin goma sha ɗayan nan na 1953? Wannan shi ne abin da rashin zaure ke jawowa.

ABIN DA RABI'U YA YI

Yanzu sai mu komo ga mutumin da a ke gardama a kansa. An haifi Rabi'u Ali cikin 1980. Ɗan wasan tsakiya ne mai kai hari, wanda aka sani da iya bugun tazara da bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya kuma daɗe yana riƙe da kyaftin na Pillars. Ita wannan ƙungiya, wadda magoya bayanta ke wa kirari da Sai Masu Gida, an kafa ta cikin 1990, ta ci gasar ƙasa sau huɗu: 2008, da 2012, da 2013, da 2014. Ukun nan na jere da Rabi'u aka ci su, yana cikin ginshiƙan ƙungiyar. Ƙwallayen da ya ci a gasar ƙasa sun haura 100, abin da kaɗan ne ƙwarai su ka taɓa yi, balle ga wanda ba a gaba can ya ke tsayawa ba.

Ya kuma yi wa ƙasa aiki. Akwai gasar Afirka ta 'yan wasan da ke wasa a gida, wadda a ke kira CHAN. Cikin Janairu 2014 marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu, yana da shekara 33, lokacin da tsararrakinsa da yawa sun riga sun bar fili. A wasan da aka yi da Maroko a birnin Cape Town, kafin a tafi hutun rabin lokaci an zuba wa Nijeriya 3 ba ko ɗaya, masu sauraro da yawa sun kashe rediyo sun kama gabansu. Da aka komo sai 'yan Nijeriya su ka yi ta ramawa, Rabi'u ne ya ci ta biyu, aka tashi 3 da 3, aka yi ƙarin lokaci Nijeriya ta ci 4 da 3. A ƙarshen gasar ta zo ta uku. Cikin 2018 kuma, ƙarƙashin Salisu Yusuf, yana cikin waɗanda su ka kai wasan ƙarshe a Maroko, ko da ya ke masu masaukin sun yi musu 4 da nema.

Sai kuma daɗewa. Cikin 2022 Pillars ta faɗa rukuni na biyu, abin da ya girgiza Kano, ta komo sama cikin 2023. A kakar wasa ta 2024 zuwa 2025, yana da shekara 44, Rabi'u yana fili yana cin ƙwallaye tare da yaran da ya isa ya haifa. Hausawa kan ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To, shi dai ya haura arba'in da ƙafarsa, tana kuma aiki.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Adalci shi ne mu kawo hujjar masu ƙi da ƙarfinta, kada mu rage mata komi. Hujjojinsu uku ne.

Ta farko, su kan ce gwanin gida ne kawai. Bai yi wasa a Turai ba, bai je gasar cin kofin duniya ba. Su kan aza shi kusa da Ahmed Musa, wanda shi ma daga Pillars ya tashi, ya ci ƙwallo 18 a gasar ƙasa cikin kakar 2009 zuwa 2010, ya wuce Holan, da Rasha, da Ingila, da Saudiyya, ya ɗauki kofin Afirka cikin 2013, ya ci Ajantina biyu cikin 2014, ya ci Iceland biyu cikin 2018. Su ce, ga gwani na ainihi. Wanda ya tsaya gida, ai don kasuwar waje ba ta taya shi ba ne.

Ta biyu, su kan ce daɗewa daban, fifiko daban. Wanda ya shekara da shekaru yana tara ƙwallo kaɗan-kaɗan, da yawansu kuma na bugun daga kai sai mai tsaron gida ne, lissafinsa zai yi yawa ko da bai taɓa zama wanda ya fi kowa a shekara ɗaya ba.

Ta uku ita ce ta dattijon malami, ita ce kuwa mafi nauyi. Cikin Yuni 2019 aka tara ƙungiyoyi shida a filin Agege na Ikko don fid da zakaran ƙasa. Pillars ta kara da Rangers ta Inugu, tana gaba da ci ɗaya, sai dab da tashi alƙalin wasa ya ba Rangers bugun daga kai sai mai tsaron gida, su ka rama, aka tashi kunnen doki. Da aka busa tashi Rabi'u, shi da ke kyaftin, ya nufi alƙali cikin fushi, 'yan kallo kuma su ka ɓarke cikin fili, aka yi ta jifa, da ƙyar aka fid da alƙalai. Hukumar gasar ta dakatar da shi wasa 12, ta ci ƙungiyar tarar Naira miliyan 8. Abin ya faru ne a gaban na'urar ɗaukar hoto, duk ƙasa ta gani. Wannan ba ƙage ba ne, ba kuwa ƙaramin abu ba ne, gama alƙalin wasa a ƙasar nan ya daɗe yana aiki ransa a hannunsa, in kuwa babba ya nuna hanya, yara gudu su ke yi a kanta.

MU AUNA SU ƊAYA-ƊAYA

Game da ta farko, sai mu tambaya, zauren na wane ne? In na duniya ne, to ba mu da ta cewa. Amma in na Kano ne, ko na gasar Nijeriya, ai da abin da mutum ya yi a nan za a auna shi. Ahmed Musa yana da wurinsa, ba mai ja, amma shigarsa ba ta tare wa wani ƙofa ba. Kuma a tuna, gasar gida ba hutu ba ce. Tafiya ce ta kwana da kwanaki a mota, daga Kano zuwa Fatakwal, zuwa Aba, zuwa Maiduguri, da filaye masu tauri, da albashin da kan makara. Cikin Maris 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, su ka raunana 'yan wasa biyar. In da duk mai ƙafa ya tsere waje, da wa mutanen Gwarzo za su shiga mota su yi tafiyar mil arba'in da wani abu su je kallo a Ƙofar Mata? Amurkawa ma sun gane haka ta wata fuska. Kafin 1947 an hana baƙar fata shiga babbar gasarsu, sai su ka yi tasu. Josh Gibson, wanda ya fi kowa ƙarfin duka a cikinsu, ya rasu cikin Janairu 1947 bai taɓa taka babbar gasa ba, amma cikin 1972 aka shigar da shi zaure. Lalle akwai bambanci, don shi Gibson hana shi aka yi, Rabi'u kuwa ba wanda ya hana shi. Abin da mu ke nufi dai shi ne, a kan auna gwani da fagen da ya tsaya a ciki.

Game da ta biyu, wanda ya ce bugun daga kai sai mai tsaron gida sauƙi gare shi, bai taɓa tsayawa gabansa ba mutum dubu goma sha suna ihu. Kuma ba don tsufa a ke ba mutum riga a ƙungiyar da ke neman kofi ba. Masu horarwa da yawa sun zo Pillars sun tafi, ko wanne da ra'ayinsa, ko wanne kuwa aikinsa na rataye da sakamako. Da sun sami wanda ya fi shi, da sun ajiye shi. Ku malaman ofis kun san wannan: ma'aikacin da shugabanni goma su ka zo su ka tarar, ko wanne ya ƙi rabuwa da shi, ba a ce sa'a ce ta riƙe shi ba.

Ta uku fa? A nan ya kamata mu rarrabe laifi iri biyu, Amurkawa kuwa sun ba mu misalin ko wanne. Barry Bonds ya maka ƙwallo ta ƙetare shinge sau 762, ba wanda ya kai shi a tarihin babbar gasarsu. Cikin 2001 kaɗai ya yi 73. Sau 7 a na zaɓensa gwanin shekara. Amma an zarge shi da shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi, shi kuwa ya ce bai taɓa sha da saninsa ba. Shekara 10 sunansa na takarda, a ta ƙarshe, 2022, ya tsaya a kashi 66, bai shiga ba. Dalilin masu ƙinsa shi ne, zargin ya taɓa lissafin kansa: in mudun algus ne, to duk abin da aka auna da shi akwai shakka.

Ga kuma iri na biyu. Cikin Agusta 1965 wani gwanin jifa, Juan Marichal, ya fusata a fili ya rafka wa John Roseboro kulki a ka, jini ya zuba. Aka dakatar da shi, aka ci shi tara. Da lokacin zaɓensa ya yi, shekara biyu masu ƙuri'a suna hana shi. Daga baya su biyun su ka shirya, Roseboro da kansa ya fito ya nuna ya yafe, sai aka zaɓi Marichal cikin 1983. Haka kuma Roberto Alomar ya tofa wa alƙalin wasa yawu a fuska cikin 1996. A zaɓensa na farko, 2010, ya sami kashi 73 da 'yan kai, ya faɗi da ƙuri'u kaɗan. Shekara ta zagayo, 2011, ya sami kashi 90. Watau an jinkirta musu don a nuna ba a manta ba, amma ba a rufe musu ƙofa ba.

Laifin Rabi'u na iri na biyu ne. Fushin yini ɗaya ne, bai ƙara masa ko ƙwallo ɗaya cikin lissafinsa ba, hasali ma rage masa ya yi. Hukuma ta yanke masa hukunci a lokacin. Mutum tara ya ke bai cika goma ba, in kuwa aka ce sai wanda bai taɓa kuskure ba zai shiga, to sai a gina zaure a kulle shi, a jefa mabuɗi rijiya. Duk da haka ba mu ce dattijon malami ya yi kuskure ba. Tsoronsa shi ne kada yaro ya ɗauka cewa gwaninta tana wanke rashin ladabi. Maganin wannan tsoro kuwa shi ne a faɗi gaskiya duka: a rubuta kofunan, a rubuta ƙwallayen, a kuma rubuta cewa cikin 2019 ya yi laifi an hore shi. Yaron da ya karanta haka ya koyi abu biyu a wuri ɗaya, cewa ƙoƙari na kai mutum sama, kuma doka ba ta ƙyale ko da kyaftin ba.

RA'AYINMU

To, jama'a, ga inda mu ka tsaya. Rabi'u Ali ya cancanta, yabon gwani kuwa ya zama dole. Amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, a bari sai ya ajiye wasa an sami 'yan shekaru, ƙura ta lafa, masoya da maƙiya sun huce, domin hukuncin da aka yanke cikin sowa ba ya ƙarko. Na biyu, ba shi za a fara rubutawa ba, a nan mun saɓa da malamin ofis. Mutanen 1953 da na 1978 su ne gaba, da tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tsere. Ba a shiga gida a wuce dattawa a zaure ba a gaishe su ba.

Sai dai kuma kada jira ya zama mantuwa. A nan ma akwai abin lura daga Amurka. Dick Allen mai ƙarfin duka ne ƙwarai, ya ƙetare shinge sau 351, ya zama gwanin shekara cikin 1972, amma ya sha saɓani da shugabannin ƙungiyoyi da 'yan jarida, aka yi masa tambarin mai taurin kai. Cikin 2014 kwamiti ya zauna, ya rasa da ƙuri'a ɗaya tak. Ya rasu cikin Disamba 2020. Cikin 2021 ya sake rasawa da ƙuri'a ɗaya. Sai cikin Disamba 2024 aka zaɓe shi, aka yi bikin cikin Yuli 2025, iyalinsa su ka karɓa. Abokin zaɓensa Dave Parker ya ji labarin da kunnensa, amma ya rasu saura wata ɗaya a yi bikin. Mu ma mun ga irin haka a gida: Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37, ya rasu cikin 2012, sa'an nan aka yi ta yabo a jaridu. Yabon da mutum bai ji ba, na masu yabon ne.

AIKIN DA YA RAGE MANA

Muna roƙon hukumar wasanni ta Jihar Kano ta duba wannan al'amari. Ba sai an kashe dukiya mai yawa ba. Ɗaki ɗaya ya isa, ko a filin Ƙofar Mata, ko a Gidan Makama inda a ke ajiye kayan tarihi, yaran makaranta kuma suna zuwa. A kafa ƙa'ida a rubuce tun kafin a ambaci sunan kowa, don kada abin ya koma na wanda ya san wani. Masu zaɓe su haɗa da marubutan wasanni, da tsofaffin 'yan wasa, da tsofaffin alƙalan wasa, da malaman makaranta. A bukaci kashi uku cikin huɗu na ƙuri'a. Kada mai riƙe da mulki ya sa hannu, kada kuma a sayar da wuri.

Amma tushen abin duka yana hannunku, ku malaman ofis da malaman makaranta. Abin da ya sa Amurkawa ke iya gardama da hujja shi ne, tun da aka kafa babbar gasarsu cikin 1876 akwai mai zama da alƙalami a ko wane wasa yana rubuta ko wane bugu. Mu kuwa, ko a gasar ƙasa, lissafin shekarun baya a warwatse ya ke, sai a ji wannan ya faɗi adadi, wancan ya faɗi wani. Magabatanku na zamanin En'e sun riƙe littafin haraji da na jangali da na kotu, har yau masu bincike na buɗe su a ɗakin ajiyar takardu na Kaduna suna samun abin da su ke nema. Abin da aka yi wa shanu, a yi wa gwanaye mana. Ko wace makaranta ta sayi littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi. A rubuta wanda ya ci tsere a wasannin shekara, da ƙungiyar da ta ci kofin gunduma da sunayen 'yan wasanta, da wanda ya yi zarra a damben kaka, da wanda ya gagara a langa. In hedimasta ya tashi ya danƙa wa magajinsa, kamar yadda ya ke danƙa rajistar yara.

Muna tashi daga Mainika, yaron nan da a ke kira Pele ya wuce ta gabanmu da ƙwallo a hamata, sanye da rigar wata ƙungiyar Ingila. Dattijon malami ya kira shi ya yi masa faɗa don ya wuce manya bai durƙusa ba, yaro ya komo ya gaishe mu, malamin ofis kuwa ya tambayi sunansa ya rubuta a bayan takarda. Muna fata wannan takarda ba za ta ɓata ba. Waɗanda ke da ra'ayi dabam da namu, ko su ke riƙe da sunayen mutanen 1953, shafin nan a buɗe ya ke gare su. Allah Ya sa mu dace, amin.